Gwanintar Masu Bin Sawun 'Yan Gudun Hijira

A watan Disamban 2014, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, ta fitar da rahotonta na farko kan mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a arewa maso gabashin Najeriya. Adadin da ta samu shi ne 389,281. Wata biyu bayan haka, a Fabrairun 2015, rahoto na biyu ya fito da mutum 1,188,018. Mai karatu zai iya ɗauka cewa a cikin waɗannan makonni ne jama'a kusan dubu ɗari takwas suka tsere. Gaskiya ne an ci gaba da gudu a lokacin, domin a Janairun shekarar ne aka afka wa Baga. Amma mafi yawan ƙarin daga wani wuri ya fito: a zagaye na farko jihohi biyar aka shiga, Adamawa da Bauchi da Gombe da Taraba da Yobe, sai a na biyu ƙafar masu ƙidaya ta taka Borno. Mutanen Bama da Gwoza da Konduga sun daɗe a Maiduguri suna kwana a makarantu da zaurukan 'yan'uwa. Suna nan, amma ba su cikin lissafin kowa, kuma wanda ba ya cikin lissafi da wuya a auna masa hatsi.

Wannan shi ya sa nake ganin bin sawun masu gudun hijira a matsayin ɗaya daga cikin manyan sana'o'in ceton rai na zamaninmu, ko da yake ba a cika yaba wa masu yin ta ba. Idan aka nuna aikin agaji a talabijin, buhunan masara ake gani da likita da motar ruwa. Ba a nuna saurayi ko budurwar da suka riga motar isa wurin da mako guda, da waya a hannu, suna tambayar mutum nawa ne, daga ina suka zo, yaushe, me ya koro su, me suka fi buƙata. Amma amsoshin da suka tattaro su ne suka faɗa wa direba hanyar da zai bi da yawan kayan da zai ɗauka.

Wahalar ƙirga wanda bai zauna ba

Ƙidayar jama'a ta ƙasa tana da wahala, har ma Najeriya ba ta sake yin ta ba tun 2006. To amma ita aƙalla tana samun mutum a gidansa, a unguwar da ke da suna da mai unguwa. Mai bin sawun 'yan gudun hijira kuwa yana ƙirga mutanen da gidajensu suka ƙone ko suka nutse, waɗanda yau suna Pulka, gobe sun nufi Gwoza, jibi rabin iyalin sun tsallaka Kamaru. Da yawansu ba su da katin shaida. Wasu suna tsoron faɗin sunan ƙauyensu kada a yi musu kallon masu alaƙa da 'yan ta'adda. Miji yana wani gari, mata biyu suna sansanoni biyu, yara suna hannun kaka.

Abu na biyu da ke ƙara wa aikin nauyi shi ne halinmu na karɓar baƙo. Rahotannin 2015 sun nuna cewa kusan tara cikin goma na masu gudun hijira a arewa maso gabas ba a sansani suke ba, a cikin gari suke, a gidajen dangi da abokan arziki da kangaye. Wannan abin alfahari ne ga mutanen yankin, amma yana ɓoye mabuƙata daga idon agaji. Sansani ana ganinsa daga nesa. Gidan tela mai mutum takwas da ya wayi gari da mutum talatin, daga waje bai canza ba. Wanda zai gano shi sai ya san unguwa, ya san wanda zai tambaya.

Tsarin da IOM ke amfani da shi, wanda ake kira DTM a taƙaice, a Iraƙi aka fara shi a 2004, daga baya ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama. A Najeriya ana gudanar da shi tare da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, da takwarorinta na jihohi, da ƙungiyar agaji ta Red Cross. Ginshiƙinsa kuwa 'yan ƙasa ne, matasan da ke jin Kanuri da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Margi da sauran harsunan yankin. Da ɗan gari akan ci gari.

Daga ƙaramar hukuma zuwa bakin bukka

Aikin hawa-hawa ne, kamar mai tankaɗe da ke sauya rariya daga mai faɗin ido zuwa mai ƙanƙanen ido. Da farko ana zama da jami'an ƙaramar hukuma da hakimai da shugabannin addini, a tambaye su a waɗanne mazaɓu baƙi suka sauka. Wannan yana ba da taswira ta farko, wadda kowa ya san ba ta cika ba. Sai a gangara mazaɓa, wurin lawani da bulama a ƙasar Borno, ko dagaci da mai unguwa a ƙasar Hausa. Nan ake samun sunayen unguwanni da makarantu da filaye. Daga nan sai a taka zuwa wurin da kansa, a ɗauki lambobin da ke nuna matsayinsa a taswira, a zagaya, a ƙirga bukkoki, a leƙa rijiya, a duba masai nawa ne ke aiki, a tambayi nisan asibiti da kasuwa da makaranta.

Gwanintar tana fitowa ne a wajen auna magana. Ƙwararre ba ya dogara da baki ɗaya. Zai gaida bulama yadda ya kamata, ya ce, “Ranka ya daɗe, magidanta nawa suka sauka a nan tun bayan sallah?” Zai rubuta amsar, sannan ya nemi shugaban su baƙin, ya nemi shugabar mata, ya nemi malamin makaranta da ma'aikacin ɗakin shan magani da limami. A ce bulama ya ce gida ɗari biyar, shugabar mata ta ce ɗari uku, bukkokin da aka ƙirga kuma ba su wuce ɗari uku da hamsin ba. Mai ƙidaya ba zai ƙaryata dattijo a gaban jama'arsa ba, ba kuma zai rubuta ɗari biyar don kunya ba. Zai nemi dalilin bambancin. Wataƙila bulama ya haɗa da waɗanda suka zo suka wuce. Wataƙila akwai wasu gidaje a bayan makaranta da ba a kai shi ba. Wataƙila kuma an ƙara gishiri don ana sa ran rabo. Kowanne daga cikin ukun yana faruwa, kuma rarrabe su shi ne aikin.

Bayan an san yawan gidaje, sai a zaɓi wasu daga ciki a shiga a ƙirga kai da kai: maza nawa, mata nawa, jarirai, 'yan makaranta, tsofaffi, masu juna biyu, masu buƙata ta musamman. Daga wannan samfuri ake ƙiyasta yanayin sauran. Ta haka aka tabbatar, zagaye bayan zagaye, cewa fiye da rabin masu gudun hijira a yankin yara ne da ba su kai shekara 18 ba. Wannan bayani kaɗai ya isa ya sauya abin da ake lodawa a mota: abincin yara masu tamowa, allurar rigakafin ƙyanda, allo da littafi.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba kowa ya lura da muhimmancinta ba, wato maimaitawa. Ana komawa wurare ɗaya da tambayoyi iri ɗaya bayan 'yan watanni. Lamba guda tana faɗin halin yau kawai. Jerin lambobi shi ke nuna inda al'amari ya dosa: wane gari ke cika, wane ke raguwa, su wa suka koma gida, su wa suka koma sannan suka sake gudowa. Da haka aka ga adadin ya haura miliyan 2 a cikin 2015, da haka kuma aka riƙa lissafa waɗanda suka koma garuruwansu a Adamawa da Borno da Yobe, su ma kimanin miliyan 2 a tsawon shekaru.

Ido a bakin gari

Zagayen watanni ba ya wadatarwa idan mutane na kwararowa kullum. Saboda haka aka kafa wani sashe na gaggawa. A garuruwa irin su Bama da Dikwa da Monguno da Ngala da Banki da Pulka, akwai ma'aikata a wuraren da sababbin zuwa ke sauka. Duk ayarin da ya iso, ana rubuta yawansa, inda ya fito, da abin da ya taso shi: hari, ko yunwa, ko aikin soja, ko neman haɗuwa da iyali. A nan take kuma abokan aiki na ɓangaren lafiya ke zagaya damtsen kowane yaro mai wata 6 zuwa 59 da ɗan tef mai launi uku. Idan kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, tef ya nuna ja, yaron yana cikin matsananciyar tamowa, kuma ba a jiran gobe kafin a miƙa shi wurin magani. A ƙarshen mako ana haɗa bayanan a fitar da su ga duk masu aikin agaji.

Wanda ke son sanin darajar wannan ido ya tuna Bama a 2016. A watan Yunin shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka samu shiga garin na 'yan sa'o'i. Suka tarar da mutum kimanin 24,000 a harabar wani asibiti, suka kuma ƙirga kaburbura 1,233 da aka haƙa kusa da sansanin cikin shekara guda, 480 daga ciki na yara. Bama ba ta da nisa da Maiduguri, amma hanya a rufe take ga masu agaji, labari kuma bai fito da ƙarfin da zai motsa duniya ba sai da aka je aka gani aka ƙirga. Bayan fitar waɗannan alƙaluma ne hankali ya karkata sosai ga yunwar da ke cikin garuruwan Borno da aka ƙwato.

A sansanoni da yawa ana ƙara wani mataki, wato rajista da zanen yatsa. Kowane magidanci da iyalinsa ana ɗaukar bayanansu a ba su kati. Wannan yana hana mutum ɗaya karɓa sau biyu da suna biyu, yana kuma kare rabon bazawara da marayan da ba su da ƙarfin turereniya a layi. Sai dai amana ce mai nauyi. Jerin sunaye da ƙauyukan mutanen da suka tsere wa masu bindiga, idan ya faɗa hannun da bai dace ba, makami ne. Shi ya sa rahoton da ake bugawa ba ya ɗauke da sunan kowa, kuma mai ƙidaya na gari yana fara bayyana wa mutum abin da za a yi da bayanansa, ya kuma faɗa masa gaskiya cewa rubuta suna ba alkawarin buhu ba ne.

Ruwa da bindiga ba gudu ɗaya suke sawa ba

Gudun rikici da gudun ambaliya sun bambanta, kuma mai bin sawu dole ya san halin kowanne. Wanda bindiga ta kora yakan yi nisa, yakan daɗe, wani ya shekara goma bai ga gonarsa ba. Wanda ruwa ya kora yakan hau tudu mafi kusa, makaranta ko masallaci ko gefen titi, yana jiran ruwa ya janye. Yawansu kan yi tashin gwauron zabi cikin kwana biyu, ya ragu cikin makonni. Lissafin da aka yi ranar Laraba zai iya zama tsohon labari ranar Asabar.

Najeriya ta sha ganin haka. A 2012 ambaliya ta raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu, musamman a bin kogunan Neja da Binuwai. A 2022 ta kashe fiye da mutum 600, ta kori kimanin miliyan 1.4. A daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya bi kogin Ngadda ya mamaye sassan Maiduguri da Jere, ya shiga Gwange da babbar kasuwa da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa. Alƙaluman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayar sun nuna an yi wa kimanin mutum 400,000 rajista a wuraren da aka tsugunar da jama'a. Sansanin Bakassi da ke Maiduguri, wanda gwamnatin jihar ta rufe a 2021, sai da aka sake buɗe shi.

A irin wannan rana ana haɗa ido biyu, na sama da na ƙasa. Hotunan tauraron ɗan'adam suna nuna iyakar inda ruwa ya kwanta, idan aka ɗora su a kan taswirar gidaje sai a samu ƙiyasin farko na yawan waɗanda abin ya shafa. Amma hoto ba ya faɗin inda mutanen suka nufa, ba ya kuma bambance wanda ke da ɗan'uwa a unguwar tudu da wanda ba shi da kowa. Wannan sai an taka. A Maiduguri an sami ƙarin sarƙaƙiya, domin da yawa daga waɗanda ruwa ya kora dama 'yan gudun hijirar rikici ne. Idan aka ƙirga su a matsayin sababbi, an ninka su. Idan aka ce ai suna cikin tsohon lissafi, an manta cewa ɗan abin da suka tara cikin shekaru ya tafi a dare ɗaya. Masana suna warware wannan ta hanyar riƙe lissafi biyu daban: yawan mutanen da ke zaman hijira a rana kaza, da yawan karon da aka tilasta wa mutane tashi a cikin shekara. Mace ɗaya da ta gudu daga Marte, ta sake gudu daga Jere, mutum ɗaya ce a lissafin farko, tashi biyu ce a na biyu. Cibiyar IDMC da ke Geneva, wadda ke haɗa alƙaluman duniya, da wannan ma'auni take aiki. Ita ce ta bayyana cewa a ƙarshen 2024 mutum miliyan 83.4 ke gudun hijira a cikin ƙasashensu, miliyan 11.6 daga ciki a Sudan kaɗai.

Yadda lamba ke zama ruwa da tuwo

Masu aikin agaji suna da ma'aunai da aka amince da su a duniya: aƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20, murabba'in mita 3.5 na wurin kwana mai rufi ga kowane rai. Da zarar an ce mutum 10,000 ne a wuri kaza, injiniyan ruwa ya san lita 150,000 yake nema kullum, da masai 500. Idan mai ƙidaya ya rage kashi ɗaya cikin huɗu, layin famfo zai yi tsawo, mutane su koma shan ruwan kududdufi, cutar amai da gudawa ta samu ƙofa, kamar yadda aka yi fargaba kuma aka gani a Borno a watan Oktoban 2024. Idan ya ƙara, an kai tamfol da gidan sauro inda suka yi yawa, an hana wani ƙauye da ke can yana jira. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Waɗannan alƙaluma su ne kuma ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jinƙai ke ɗorawa a kai idan zai tsara buƙatun shekara ya nemi kuɗi. Su ne suka nuna cewa matsalar ba ta tsaya a gabas ba. Daga 2019 aka faɗaɗa bin sawun zuwa arewa maso yamma da arewa ta tsakiya, inda hare-haren 'yan bindiga da rikicin manoma da makiyaya suka raba sama da mutum miliyan 1 da gidajensu a jihohi irin su Zamfara da Katsina da Sakkwato da Binuwai. A tsallaken iyaka, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke rajistar waɗanda suka shiga jihohin Diffa da Maraɗi a Nijar, da sansanin Minawao a Kamaru. Nijar ma ta kafa dokar kare masu gudun hijira na cikin gida a 2018, ta farko a Afirka da ta yi hakan bisa Yarjejeniyar Kampala ta 2009.

Aikin yana da haɗari na gaske. A ranar 1 ga Maris 2018, a harin da aka kai Rann da ke kan iyakar Kamaru, an kashe ma'aikatan agaji uku, biyu daga cikinsu masu aiki da IOM a sansanin garin. Yana kuma da matsin lamba ta kowane ɓangare: akwai mai son lamba ta hau don rabo ya ƙaru, akwai mai son ta sauka don a ce zaman lafiya ya dawo. Mai ƙidaya na ƙwarai yana tsayawa a kan abin da ya gani, kuma yana rubuta a fili waɗanne mazaɓu ne bai samu shiga ba, don kada a ɗauki shirunsu a matsayin babu kowa. Wannan gaskiyar ita ce ta sa gwamnati da ƙungiyoyi da masu ba da tallafi, duk da saɓaninsu, suke iya zama a teburi ɗaya su yi magana a kan lamba ɗaya.

Tun daga 2025 kuɗin agajin ƙasashen waje ya ragu ƙwarai, kuma idan aljihu ya tsuke, tattara bayanai na cikin abubuwan da aka fi saurin yankewa, saboda ba ya cika ciki kai tsaye. Wannan kuskure ne. Lokacin da hatsi ya yi kaɗan ne aka fi buƙatar sanin wanda ya fi yunwa. Ya kamata gwamnatocin jihohinmu su ɗauki wannan sana'a a matsayin tasu, su sa mata kuɗi a kasafi, su riƙe matasan da suka ƙware a kanta cikin shekara goma da suka wuce, jami'o'inmu kuma su koyar da ita. Masu unguwanni da shugabannin al'umma, idan mai ƙidaya ya zo, a faɗa masa gaskiya, a kai shi gidan da ke ɓoye da baƙi, kada a ƙara kada a rage. Duk sunan bogi da aka cusa a takarda, rabon wani maraya na gaske aka cinye.